Sajan da Aka Ara wa Murya

Liborio Cascio, wanda ake ce wa Mastro saboda sana'ar hannunsa, ya je yaƙi sau biyu a rayuwarsa. Na farko na gaske ne, a Rasha, inda ya baro yatsun ƙafarsa na hagu cikin ƙanƙara, kuma babu wanda ya taɓa saya masa ko kofi a kan wannan. Na biyu na fim ne, a tsohon barikin da ke bayan garinmu Montefico, kuma shi ne ya yi masa suna.

Ni ke da shagon kofi na dandali. Rumfarsa ta gyaran takalmi tana jingine da bangon shagona, saboda haka na sha bugun gudumarsa da amon muryarsa fiye da kowa in ban da matarsa. Murya ce Allah ya ba shi, ba ta wasa ba. Idan ya kira matarsa Agata daga dandali, duk wata Agata da ke garin sai ta leƙo ta taga.

Da ya dawo daga Rasha yana kofur, ramamme, yana ɗingishi, ya ɗauka za a taru a ji abin da ya gani. Sai ya tarar garin ba ya son labarin yaƙin da aka sha kashi. Wani babban mutum, Don Saverio Bonanno, wanda ya raka sojojin garin tasha sanye da baƙar rigar jam'iyyar gwamnati yana jawabi kan jini da ƙasa, ya riga ya canza riga ya zama magajin gari, yana kuma rantsuwa cewa shi tun farko bai goyi bayan yaƙin ba. Duk sanda Liborio ya ce "lokacin da muke ja da baya cikin ƙanƙara," sai kowa ya tuna ya bar wani abu a kan wuta. Wasu su ce masa wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A ƙarshe ya koma ba takalma labarin. Yakan riƙe takalmin mutum yana buga ƙusa yana gaya masa yadda aka bar wane a bakin hanya, takalmin kuwa ba ya tashi ya tafi.

Haka aka yi ta tafiya har wata bazara, kusan shekara ashirin bayan yaƙi, da manyan motoci suka hauro tudunmu ɗauke da wayoyi da fitilu. 'Yan fim ne daga Roma. Sun zo yin wasan barkwanci na soja, kuma tare da su akwai 'yan wasan nan biyu da duk ƙasar ke mutuwa a kansu a lokacin, Gigetto da Fofò. Mu Mai Sanƙo da Mai Hanci muke ce musu. A majigi ba ka ganin ɗaya ba ɗaya, suna rungumar juna suna marin juna. A zahiri kuwa ba sa ga maciji. A shagona kowa da teburinsa, idan Mai Sanƙo yana son sukarin da ke gaban Mai Hanci sai ya aiki direbansa. Daraktan wani mai baƙin tabarau ne da kowa ke kira Dottore, wato likita, ko da yake bai taɓa duba ko akuya ba.

Aka yi shela ana neman maza da za su fito a matsayin kurata, za a ba su kaki da abincin rana. Ranar nan aka ga abin al'ajabi. Don Peppino mai kantin magani, wanda ciwon zuciya ya hana shi zuwa yaƙi, shi ya fara isa bariki, da gudu kuma ya hau tudun. Masu ciwon baya da masu amosanin ƙashi na lokacin yaƙi duk suka warke a safiya ɗaya. Ni ma na je, aka ba ni aikin sojan da ke barci a bakin ƙofa.

Liborio bai je neman komai ba. Gyaran takalman kuratan aka ba shi. Wata rana ya kai buhun takalma bariki, ya tarar ana koya wa mutanen garinmu fareti, kowa na jefa ƙafa inda ta ga dama kamar awaki sun ga kura. Ya tsaya yana kallo, ya cije, ya kasa. Sai ya ajiye buhun ya daka musu tsawa irin ta filin fareti. Gaba ɗayanmu muka ƙame, har ni da ke kwance. Alfadarin da ke jan amalanken ruwa ma ya tsaya cak.

Dottore ya cire tabarau ya dube shi sama da ƙasa. Kafin la'asar an ɗinka wa Liborio igiya uku a hannun riga. Abin da sarki bai ba shi ba bayan ya ba da yatsunsa, ɗan Roma ya ba shi a kan tsawa ɗaya.

Bai yarda ya karɓa ba sai da ya tambayi irin fim ɗin da za a yi. Dottore ya dafa kafaɗarsa ya ce fim ne na girmama ƙaramin soja, wanda manya suka tura suka manta da shi, dariyar da ke ciki kuwa zuma ce kawai da ake shafa wa magani. Liborio ya dawo rumfa ranar nan idonsa ya yi ja. Ya gaya mini cewa ashe dai akwai masu hankali a Roma.

Daga nan ya riƙe aikin da gaske, mu kuma muka gane kurenmu. Tun kafin 'yan fim su tashi daga barci ya tara mu a fili yana juya mu cikin rana. Don Peppino ya fi kowa shan wuya, domin kullum shi ake samu da laifin maɓalli ko tafiya, a sa shi zagaya bariki da bindigar katako a sama. Idan ya dafe ƙirji sai Liborio ya ce ya lura zuciyar nan tana son motsa jiki. Yakan kuma bi Dottore yana nuna masa cewa hulunan ba irin na wancan lokaci ba ne, kuma ba haka ake riƙe bindiga ba. Dottore ya ce madalla, madalla, a ci gaba yadda ake yi.

Wata rana ya roƙi a bar shi ya faɗi abin da ya gani a Rasha a gaban na'ura. Dottore ya yi ɗan tunani ya ce ai wannan shawara ce ta zinariya. Aka zaunar da shi a kan akwatin harsashi, aka haska masa fitila, aka matso da na'ura dab da fuskarsa. Ya fara magana. Mu da ke nesa ba ma jin komai sosai saboda ƙarar injin wuta, amma mun ga ya daɗe yana yi, mun ga kuma hawaye na bin kumatunsa har cikin gashin baki. Da ya gama Dottore ya sumbaci nasa yatsun ya ce bai taɓa ganin fuska irin wannan ba.

Sai kuma ranar kwami. An shirya abin ne ba tare da an gaya masa ba. Aka jera mu, Mai Sanƙo da Mai Hanci suna sahun gaba. Liborio ya ce hagu, Mai Sanƙo ya juya dama. Ya ce dama, Mai Hanci ya juya da bindiga a kafaɗa, bakinta ya kwashe hular Liborio. Ya sunkuya zai ɗauka, ɗayan ya juyo ya buge shi a gindi. Fushi na gaske ya kama shi, ya bi su da gudu, su kuma suka yi ta zagaya kwamin da ake shayar da alfadarai. Ƙafar nan ta hagu ba ta iya kwana da sauri. Ta zame, ya faɗa ciki gaba ɗaya. Yana tasowa da gansakuka a ka sai ga ɗan wasan da ke fitowa a kanar ya zo wucewa, Liborio kuwa jikinsa ya riga hankalinsa, ya ƙame cikin ruwa ya sara masa.

Da yamma ya yi ƙorafi. Dottore ya ce kada ya damu, irin wannan ai yankewa ake yi.

Fim ya iso garinmu da sanyi. Aka cika zauren coci maƙil, har da masu tsayuwa a taga. Liborio ya sa kwat ɗin aurensa, aka zaunar da shi a gaba tsakanin Don Saverio da Fada Anselmo, Agata na bayansa. Aka kashe fitila. Ba a jima ba sai ga shi a bango, ƙato, ƙirji a buɗe, igiya uku na ƙyalli. Zaure ya ɗauki tafi. Ya buɗe baki zai ba da umarni, sai wata 'yar siririyar murya ta fito, kamar zakaran da mura ta kama, da karin harshen mutanen arewa, tana kuma in'ina. Sunansa a fim ɗin Saja Trombetta.

Kwami kuwa ba a yanke shi ba, sau biyu ma aka nuna. Amma ba shi ne ya kashe zauren ba. Can tsakiyar fim sai ga fuskarsa ta cika bango, yana zaune kan akwatin harsashi, hawaye na zuba. Leɓɓansa na motsi, siririyar muryar kuma tana ba da labarin yadda aka kira shi fareti yana tsakiyar cin abinci. Daidai inda ya runtse ido ya girgiza kai, muryar ta ce, "Wayyo Mamma, taliyata ta huce."

Mutane suka riƙa faɗowa daga kan benci. Fada Anselmo ya toshe baki da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Liborio bai motsa ba. Ya zauna har aka kunna fitila, ya tashi ya gyara kwat, ya fita ta tsakiyar mutane suna bubbuga bayansa. A hanya Agata ta ce ai kakin ya yi masa kyau.

Rumfa ta yi kwanaki a rufe. Da ya buɗe, duk wanda ya wuce sai ya tambaye shi ko taliyar ta huce. Wata safiya ya sa guduma a aljihun kwat ya hau jirgin ƙasa zuwa Roma, karo na farko da ya bar garin tun dawowarsa daga yaƙi. Da ya dawo ya gaya wa mutanen dandali cewa ya girgiza Roma, manya sun ba shi haƙuri a tsaye. Ainihin abin da ya faru sai bayan shekaru ya gaya mini.

Dottore dai bai gan shi ba, an ce yana Sifen yana fim ɗin kaboyi. Daga wannan ƙofa zuwa waccan aka yi ta tura shi, har ya isa wani gini inda mutane ke tsayawa cikin ɗaki mai duhu suna kallon majigi suna sa wa fuskokin wasu magana. Nan aka nuna masa mai muryar. Wani ɗan tsurut ɗin dattijo ne mai suna Attilio Brambati, da gyale a wuya, yana kurɓar ruwan zuma. Yana ganin Liborio ya gane shi, ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce a duk aikinsa bai taɓa samun leɓɓa masu daɗin bi kamar nasa ba. Shi bai taɓa soja ba, an ƙi ɗaukarsa saboda shimfiɗaɗɗiyar ƙafa, amma ya yi muryar janar-janar da sarakunan Roma na da, sau ɗaya ma ya yi ta doki.

Liborio ya tambaye shi ina aka kai maganarsa ta gaske. Attilio ya dube shi da mamaki.

"Wace magana, Mastro? Ai ba a ɗaukar murya a wurin wasa. Hoto kawai ake ɗauka. Da ƙirga ka yi ta yi daga ɗaya zuwa ɗari ma duk ɗaya ne, wasu manyan 'yan wasan haka suke yi."

"To wa ya ji abin da na faɗa?"

"Wanda ke kusa da kai, in yana saurare."

Liborio ya zauna a benci. Hannunsa na kan gudumar, amma ya rasa wanda zai buga wa. Attilio ya zauna kusa da shi, ya tambaye shi cikin ladabi me yake faɗa a wurin nan da har ya yi kuka haka. Liborio ya gyara murya ya fara: sun kwana uku suna tafiya ba abinci, abokinsa Turi ɗan garin Enna ya ce zai ɗan zauna ya huta. Bai wuce nan ba aka leƙo aka ce ana jiran Signor Attilio ya zo ya yi muryar wani shugaban 'yan fashi. Dattijon ya ba da haƙuri ya miƙe. Liborio ya lura dunduniyar takalminsa ta kusa cirewa, ya ce ya tuɓe ya bar masa. Da gudumar da ya kawo don fasa kan wani ya gyara masa takalmin, ya ajiye a bakin ƙofa, ya kama hanyar tasha.

Fim ɗin kuwa ya karɓu a duk ƙasar. Da bazara ta zagayo baƙi suka fara haurowa Montefico suna tambayar kwamin Saja Trombetta. Don Saverio, wanda ya san idan kiɗa ya canza rawa ma canzawa take, ya sa aka wanke kwamin aka kafa masa allon marmara, aka hana alfadarai shan ruwa a ciki. Don Peppino ya fara buɗe hira da "lokacin da muke bariki," har yana nuna tabon da takalmin fim ya yi masa a diddige. Ranar tunawa da sojojin da suka mutu, magajin gari ya roƙi Liborio ya tsaya kusa da shi sanye da kakin fim, domin a cewarsa jama'a na son ganin soja na gaske. Liborio ya ce yana da tasa rigar da ya dawo da ita daga Rasha. Don Saverio ya ce waccan ta yi datti, kuma ba ta da igiya uku.

Baƙin sukan tsaya gaban rumfarsa su roƙe shi ya faɗi maganar taliya. Da farko korarsu yake yi. Wata rana wasu 'yan Milano suka dame shi, don ya rabu da su sai ya faɗa musu da muryarsa ta gaske, har kofuna suka yi ƙara a shagona. Suka dubi juna. Matar ta ce wa mijinta wannan ba shi ba ne, wani ne mai kama da shi aka ajiye don a cuci baƙi.

Wannan ta fi komai ƙona masa rai. A ce shi ba shi ba ne. Sai ya fara shiga bayan rumfa yana gwaji, har Agata ta zo tana tambayata ko kyanwata ce ba ta da lafiya. Kafin bazara ta ƙare ya iya muryar Attilio, da in'inar da karin arewa da komai. Aka riƙa ɗaukar hoto da shi, mutane na kawo masa takalma lafiyayyu don dai su ce Saja Trombetta ne ya buga musu ƙusa. Na taɓa tambayarsa ko abin ba ya damunsa. Ya ci gaba da jan zare, ya ce aƙalla yanzu ana tsayawa har ya kai ƙarshen magana.

Mai Sanƙo da Mai Hanci sun rabu daga baya, kowa ya yi ta zagin ɗan'uwansa a jarida har suka tsufa. Fim ɗin ya koma talabijin, ana sa shi duk watan Agusta da rana tsaka, lokacin da ba mai kallo sai tsofaffi da marasa lafiya.

Liborio ya haura saba'in lokacin da wata malama daga jami'ar Palermo ta zo da rikoda tana neman waɗanda suka dawo daga Rasha. Ba ta taɓa ganin fim ɗin ba. Da aka ce mata ga Saja Trombetta sai ta duba takardarta ta ce ita Kofur Cascio take nema. Suka zauna a shagona. Ya tambaye ta sau biyu ko na'urar nan tana ɗaukar murya, sai da ta mayar masa ya ji da kunnensa sannan ya yarda.

Ya yi magana tun bayan abincin rana har rana ta sauka. Muryar ta tsufa amma tasa ce. Ya faɗi yadda Turi ya zauna a bakin hanya ya ce su je zai biyo su, da yadda wata tsohuwa 'yar Rasha ta ba shi dafaffen dankali tana zaginsa, da yadda aka yanke masa yatsu da wuƙar yanka burodi. Shagon a cike yake, kuma ba wanda ya tuna ya bar wani abu a wuta. Da ya gama sai Don Peppino, wanda ya kurumce a lokacin, ya ce da ƙarfi shi dai a ganinsa na fim ɗin ya fi tsari. Malamar ta yi alkawarin aiko da littafin idan ya fito. Wataƙila ya fito.

Ya rasu da kaka, shekara biyu bayan haka, yana zaune a rumfa da takalmin wani a cinya. Magajin gari na lokacin, ɗan Don Saverio, ya aiko a ce gari zai so a binne shi da kakin fim. Agata ta ce da mai kawo saƙon ya koma ya ce ita Liborio ta aura, kuma da kwat ɗin da ya aure ta za a binne shi. Haka aka yi. Amma 'yan badujalar gari ba su iya taken soja ko ɗaya ba sai na fim ɗin, shi suka busa a hankali har makabarta, mutane na tafe suna cije leɓe.

Bayan wata guda majalisar gari ta zauna don a sa wa titin gidansa suna. Ɓangaren magajin gari suka ce Titin Saja Trombetta, saboda baƙi. 'Yan adawa suka ce Titin Kofur Cascio, ba don sun damu da shi ba, sai don magajin gari ya ce ɗayan. Aka yi ta zama ana tashi baram-baram, har aka jefi wani da tawada, daga ƙarshe majalisar ta rushe aka yi sabon zaɓe. Waɗanda suka hau suka ce suna da manyan ayyuka a gabansu. Agata ta koma wurin 'yarta a Torino, titin kuma har yau bayan coci ake ce masa.